Taubashina Ya Sayar Mini da Tsohon Inji, Kowa Sai Dariya

Assalamu alaikum Hajiya Bilkisu. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na gaji, kuma abin da zuciyata ke raya mini ni kaina tsoro yake ba ni. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, na rasa wanda za ni faɗa wa ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba.

Ni matar aure ce a Unguwar Lalle, cikin ƙasar Sabon Birni. Maigidana manomi ne. Gonarsa ta nesa, wadda ita ce ke cika mana rumbu da gero da dawa, ya daina zuwa, kin san halin da yankinmu yake ciki ba sai na faɗa ba. 'Yar ƙaramar ta bakin gari ce ta rage, ita kuwa ba ta kai mu ko'ina. Shi ya sa bayan kaka na rufe ido na sayar da awakina duka, har da tunkiyar da nake ji da ita, na ce za ni sayi injin niƙa in kafa a tsakar gida. Inji ɗaya ne a ɓangarenmu, yana can ƙarshen gari, mata da yara na shan rana a layi. Na ga idan nawa ya tashi, ko ba komai ba za mu rasa na cefane ba.

Wanda na saya wurinsa bari in kira shi Zayyanu, ba sunansa ke nan ba. Yana da shagon injuna da janareto da kayan babur a Sabon Birni. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma a nan duk matsalar take. Kin san wasan taubasai a wurinmu ba shi da birki. Tun muna yara ban taɓa kiransa da sunansa ba sai ɓarawon kaji, shi kuma ya ce da ni baiwarsa mai ƙona tuwo. A gidan suna, a gidan biki, ko ina muka haɗu sai an kewaye mu ana kallo, kuma ba yabon kai ba, ni ke cin sa da baki. Na je wurinsa ne don na ce gara nawa da bare.

Ranar da na saya, ya nuna mini injin a cikin kwali, ja jawur yana ƙyalli, ya rantse sabo ne fil, ya ce in ya ba ni matsala kafin damina in dawo da shi ya canza mini. Na ce to ya rubuta mini rasit. Sai ya ɗaga murya yana tambayar mutanen shagon, wai tun da suke sun taɓa jin baiwa ta nemi takarda wurin ubangidanta. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, na rama masa da wadda ta fi ta zafi, aka ɗaura mini inji a bayan kabu-kabu na taho gida ina murna. Ban karɓi ko guntuwar takarda ba.

Satin farko lafiya lau. Mata suka dawo gidana, har daga unguwar Fulani ana kawo niƙa. Ban manta yadda maigidana yake zama a ƙofar ɗaki yana sauraren ƙarar injin ba, ya daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Wata bai cika ba inji ya fara hayaƙi baƙi, yana shan baƙin mai kamar ruwa, sai a ja igiya har hannu ya yi ciwo bai tashi ba. Ran nan yana tsakiyar niƙa dawar wata maƙwabciyata ya yi wata irin ƙara ya tsaya, bai ƙara motsi ba. Na kira Bawa makanike, wanda duk garin nan shi ke gyaran injuna. Ya kwance shi a gabana da gaban maigidana, ya nuna mana cikinsa duk ya cinye, notunan ma sun sha sifana har sun gaji, ya kankare fentin da farce sai ga wani tsohon kore a ƙasa. Ya ce shi dai a ganinsa wannan inji ya yi shekaru yana aiki a wani wuri, wanka aka yi masa aka sa a kwali.

Hajiya, tun daga nan nake jeka-ka-dawo. Kin san hanyar nan ba kullum ake bin ta da kwanciyar rai ba, sai ka tambaya an ce da lafiya sannan ka hau babur, kana tafe kana addu'a. Na je ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da ya hango ni sai ya miƙe yana shela wai ga baiwarsa ta zo gaisuwa. In na fara magana sai ya ce ai wadda ke ƙona tuwo dole ta ƙona inji, wai hannuna ne ba shi da kyau. In na ce masa macuci, ɓarawo, sai mutanen shagon su riƙe ciki, don abin da suka saba ji ke nan daga bakina shekara da shekaru. Na ɗaure fuska, suka ce yau wasan ya yi armashi. Zuwana na ƙarshe hawaye suka zubo mini a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba, wani tsoho a wurin ya ce wallahi na iya, kamar da gaske. Zayyanu ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya biya mai kabu-kabu, ya ce in gaida maigida. Na sha lemon don ƙishirwa ta dame ni, amma har na iso gida ina jin haushin kaina.

Na kai ƙara wurin kawu, mahaifinsa. Bai bari na kai aya ba ya ce shi ba ya shiga tsakanin taubasai, gobe mu shirya a bar shi da kunya. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta ce in bar wa Allah, kada in raba ta da yayanta a kan ƙarfe. Maigidana ba shi da bakin magana a dangina, in ya sa baki a ce suruki ya shigo yana raba zumunci. Ga inji can an lulluɓe shi da buhu, kaji na hawa. Matan sun koma layin ƙarshen gari, ni ma ina cikinsu da tawa ƙwaryar, suna yi mini sannu. Ba awaki, ba inji, ga damina na ƙaratowa, kuma in ta faɗi alkawarin canzawar ma ya wuce.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ina da ƙawa, Sadiƙa, tana da babbar waya, tana cikin zauren WhatsApp na mutanen yankinmu, wanda ke da jama'a daga Isa har Tozai har waɗanda ke ci-rani a kudu. Ta ce tunda a shago an mayar da ni abar dariya, in yi saƙon murya ta tura, duniya ta ji. Na yi, a wayarta. Na ambaci sunansa da shagonsa, na ce ɓarawo ne, na ce duk kayan shagonsa tsofaffi ne yake shigowa da su ta iyaka yana yi musu fenti, na ce na ji ya yi wa wani mutumin Tozai haka. Da muka saurara Sadiƙa ta ce wannan ma dariya za a yi, a ce taubasai ne. Ta ce akwai magana ɗaya da ba mai yi mata dariya a ƙasar nan. Kin san ana raɗe-raɗin wai akwai masu shaguna da ke kai wa mutanen daji, wato 'yan bindiga, man fetur da kayan babur. Sai na sake wani saƙon, na ƙara da cewa mai irin wannan hali wa ya sani ko yana cikinsu.

Tsakanina da Allah ban taɓa gani ba, ban ma taɓa jin an danganta shi da hakan ba. So nake kawai sau ɗaya in yi magana fuskarsa ta canza. Ba mu tura ba, sabis ne ya ɗauke ranar, da ya dawo kuma na ce ta dakata. Saƙonnin suna nan a wayarta, kullum tana tambayata me nake jira. Hajiya, in tura? In ban tura ba, ta ina za ni bi a gane da gaske nake? Kuma in na faɗi abin da ya yi mini a bainar jama'a, zai iya kai ni kotu? Na gaji da hanya, na gaji da dariya, na gaji da ganin buhun nan a tsakar gida.

Taku a kullum,
Mai injin da ya mutu, Unguwar Lalle.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe ban yi dariya ba. Kin sayar da dabbobinki don ki tallafi gidanki, an ba ki abin da ba shi kika biya ba, kuma duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa an ce wasa kike. Kina da haƙƙi, kuma neman sa ba yanke zumunci ba ne.

Amma kafin komai, kada ki tura. Saƙo na biyun nan ba ƙorafi ba ne. Ke da kanki kin ce ba ki gani ba, ba ki ji ba. "Wa ya sani" ba za ta kare ki ba, domin wanda saƙon zai isa wayarsa a Isa ko a kudu bai san ku taubasai ba ne, bai san labarin inji ba, suna zai ji da zargi. A yankin da mutane suka rasa 'yan'uwa kuma zukata ke tafasa, irin wannan magana ba ta jiran bincike. Tana iya sa a ƙone shago, tana iya sa a tare mutum a hanya. Gaskiya ne fuskarsa za ta canza, amma ba za ki so ganin yadda za ta canza ba.

Saƙon farko ma ba zai fita yadda yake ba. Ki duba abin da ke cikinsa. Cewa an sayar miki da inji a matsayin sabo kuma ya mutu cikin wata, wannan kin sani. Cewa duk kayan shagonsa haka suke, ba ki buɗe su kin gani ba. Mutumin Tozai kuwa ji kika yi. Ni ba lauya ba ce, amma abin da na sani shi ne, ba a hana mutum faɗin abin da ya same shi in gaskiya ne kuma yana da shaida. Inda ake shiga uku shi ne laƙaba wa mutum sata ko wani laifi da ba za a iya tabbatarwa ba, a nan yana iya yin ƙarar ɓata suna, sai mai neman haƙƙi ta koma mai ba da haƙuri. Kalmar ɓarawo da kika saba jifansa da ita a gidan biki, in ta shiga waya ta tashi daga wasa.

Bari in ɗan tsaya a gefensa, ko da ba za ki ji daɗi ba. Mai shago ba shi ke ƙera inji ba, sarowa yake yi. Yana yiwuwa shi ma a kwali aka kawo masa, bai kwance ba. Yana yiwuwa kuma ya sani sarai, yana fakewa da wasa don ya san a nan ba za ki iya kama shi ba. Ni da ke ba mu san wanne ne ba. Zai kuma iya cewa ba ki canza baƙin mai a kan lokaci ba, ko fetur ɗin jarka mai gauraye kika zuba, don haka ki shirya amsar wannan da gaskiya. Ko wanne ne dai, bai sauke masa alkawarin da ya yi da bakinsa ba. Kuma ki lura, duk zuwan da kika yi kin same shi ne a filinsa, gaban 'yan kallonsa, kin kuma yi masa magana da kalmomin da kuka saba wasa da su. Ba laifinki ba ne, amma ta wannan hanyar ko shekara za ki yi ba abin da zai sauya.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ki daina zuwa shagon ke kaɗai. Ki nemi mutum ɗaya da ba wasa tsakaninsa da Zayyanu, wanda yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarsu, ko shugaban 'yan kasuwar layinsu. Dattawan kasuwa sun saba raba irin wannan gardama, kuma ba sa son a ce ana sayar da fenti a layinsu. Maigidanki zai iya kai maganar wurinsu, wannan ba shiga dangi ba ne, ciniki ne. A sa rana, a zauna a wajen shago. A ɗauko injin a kai, Bawa makanike ya zo ya nuna abin da ya nuna muku, kafin nan kuma a ɗauki hoton cikinsa da wurin da aka kankare fentin. Rashin rasit ya rage miki ƙarfi, amma bai kashe maganar ba. Mutanen da suka yi dariya ranar da kika nemi takarda, dariyar tasu shaida ce cewa sun ji ciniki, sun ji alkawari. Ki tuna ko mutum biyu a cikinsu, har da mai kabu-kabun da ya ɗauko miki.

A zaman, ki kira shi da cikakken sunansa, abin da kika ce ba ki taɓa yi ba. Kada ki zage shi, kada ki rama in ya tsokane ki, kada ki karɓi lemo ko kuɗin babur. Ki faɗi abu ɗaya da kike so, ko sabon inji da za a kwance a duba a gabanki, ko a mayar miki da abin da kika biya, tare da ranar da za a cika, a rubuta, kafin ruwa ya sauka. In ya ce shi ma cutarsa aka yi, ki bar masa ƙofar fita da mutuncinsa, ya je ya nemi wanda ya saro a wurinsa, wannan tsakaninsu ne. In an ce a raba asarar, ki auna da kanki, wani lokaci injin da zai tashi a wannan watan ya fi cikakkiyar nasarar da za ta zo baɗi.

Idan ya yi biris da dattawan, kina da kotu, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma a lokacin kina iya fitowa fili. Ki fara sanar da shi cewa za ki yi. Sannan ki faɗi naki kawai, a taƙaice: lokacin da kika saya, abin da ya ce, yaushe injin ya mutu, abin da makanike ya gani, su wa suka zauna, da abin da kike nema. Ki ce makanike ya ce, kada ki ce kowa ya sani. Ki buɗe da cewa shi ɗan kawunki ne kuma wannan ba wasan taubasai ba ne. Ba zagi, ba na-ji-an-ce, ba kira ga mutane su ƙaurace masa, ki bar masu saurare su yanke nasu hukuncin. Magana a natse ta fi tsorata ɗan kasuwa, don ba ya samun inda zai kama. In ya gyara daga baya, ki koma wurin da kika yi ƙorafin ki faɗa, wannan ma haƙƙinsa ne.

Mahaifiyarki kuwa ki lallashe ta. Tsoronta kada a rabu, ki nuna mata zaman dattawa shi ne hanyar da ba za a rabu ba. Ba na yi miki alkawarin komai zai dawo yadda yake, wataƙila ku daɗe ba ku yi wasa ba, wataƙila kawu ya yi fushi na ɗan lokaci. Wannan ana warkewa.

Abin da ba a warkewa shi ne wanda ke cikin wayar Sadiƙa. Muryarki ce, amma yatsan da zai tura ba naki ba ne, kuma waya tana shiga hannun yara, tana zuwa wurin caji, ana aron ta. Kada ki jira sai kin gama tunanin sauran shawarwarina. Ki ajiye jaridar nan, ki yafa mayafi, ki je ki zauna kusa da ita ta goge su duka biyun a gaban idonki, ki kuma tambaye ta, ta dubi Allah ta faɗa miki, ko akwai wanda ta riga ta tura wa. In akwai, ki nemi mutumin yau ɗin nan ki gaya masa da bakinki cewa ƙarya ce fushi ya sa ki.

Allah Ya mayar miki da haƙƙinki, Ya huce miki gajiyar nan, Ya zaunar da yankinku lafiya har maigidanki ya koma gonarsa.

Hajiya Bilkisu